Kifin Gurbin Fasto

Gore, farkon watan Mayu

Zuwa ga Murdo Galt,

Gaisuwa, tunda haka aka koya mana buɗe wasiƙa. Ina fata ƙanwata Raewyn tana lafiya. Kai ba sai na tambaya ba, mutumin da zai iya kwanciya rub da ciki a kan gaɓa tun rana tsaka har yamma yana shara ƙarya ai lafiyarsa ƙalau.

Kada kaurin ambulan ya ba ka tsoro. Tun da tsakiyar idona ta mutu, da alƙalamin da muke sa wa buhun ulu lamba nake rubutu, kalma kaɗan ta cika shafi. Kada kuma ka wahalar da kanka da waya, na zare igiyarta daga bango.

Jiya na je aski. Na tarar ana ta ƙyaƙyata dariya, wani da ban san muryarsa ba yana maimaita labarin da Fergus Tulloch ya bayar a kasuwar tumaki. Fergus dai namu, wanda muke ratsa gonarsa mu sauka kogi. Wai ranar da aka rufe kamun kifi na bana yana kan tudu yana gyaran shinge, sai ya hango tsofaffi biyu a Gurbin Fasto. Ɗaya yana jan ciki a kan gaɓa yana raɗa yana nuni, ɗaya yana tsaye cikin ruwa har gwiwa yana ta jefa ƙuda, ƙugiyar nan da ake naɗe wa gashi ta yi kama da ƙwaro. Wai bayan sun tafi ya ce bari ya sauka ya ga wane irin kifi ne ya sha jifa yini guda bai motsa ba. Ashe dutse ne. Dogon dutse mai ruwan ƙasa, da gansakuka a gindinsa tana kaɗawa kamar wutsiya.

Ni ma na taya su dariya, Murdo. Ina zaune da tawul a wuya ina dariya har da buga ƙafa, sai mutumin ya ce, "Kuma wai mai jifan ma makaho ne." A nan almakashin mai aski ya tsaya. Na tashi da rabin aski na lalubi hanyar gida.

Haba Murdo! Tun muna da gashi a ka muke wannan kogi tare, tun kafin ka san ina da ƙanwa. Ƙa'idar ma ni da kai muka kafa ta: ɗaya ya hau gaɓa ya zama ido, ɗaya ya shiga ruwa ya zama hannu, kuma layi ba ya wucewa ga na biyu sai kifin ya ci ko ya gudu. Da idona ya tafi na ce maka na ajiye sandar kamun kifi. Kai ka zo har gida ka ce, "Hannunka na nan ai, ni zan zama idonka." Na yarda da kai. Abin da ka ce yana cikin ruwa shi ne a cikin ruwa, ba ni da wata hanyar sani.

Ka tuna abin da ka yi ta faɗa mini ran nan? "Tsaya, Struan, kada ka motsa, ga wani ƙato can a gindin kwararar ruwa, ya fi wanda na kama shekarar da na yi aure." "Hagu kaɗan." "Ƙara masa tsawon hannu." "Ya motsa! Ya ɗago, ya duba, ya koma!" "Sauya masa ƙarami." Na sauya. Na ba shi mai gashin zakara, na ba shi mai gashin zomo, na ba shi ɗan baƙin nan da nake ɓoyo tun ina iya ɗaure su da kaina. Ƙafafuna suka mutu da sanyi ban ji ba. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ban taɓa jin daɗi irin na ran nan ba tun da muka binne matata Isobel. Na dawo gida na zauna ni kaɗai a kicin ina ba kujerarta labarin kifin da ya fi ni wayo.

Dutse! Ka sa na ba matata marigayiya labarin dutse.

Ina son amsa ɗaya. Me na yi maka?

Ka gai da Raewyn. Ka huta lafiya in za ka iya.

Struan Kerse

Lumsden, tsakiyar Mayu

Yayan matata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Muna nan lafiya, sai sanyi da ya fara shigowa. Za ka ga rubutun Raewyn ne, na gurɗe wuyan hannu wajen faskare, ni ke faɗa tana rubutawa.

Wasiƙarka ta iso, mai kai wasiƙu ya ce ya ɗauka kaza ce aka naɗe a takarda.

To, dutse ne. Ba zan yi maka musu ba. Ranar ƙarshe ce, ruwa ya janye, kifayen duk sun haura sama inda ƙafarka ba za ta kai ba. Na duba gurbin nan babu ko ɗan tsako a ciki. Sai na ce ko dai in ce maka mu koma mota mu sha shayi, ka shiga hunturu da hannu wofi kana ƙunci, ko kuwa in samo maka abokin fama. Na samo maka. Da bakinka ka ce ba ka taɓa jin daɗi irin na ran nan ba. To me ka rasa? Kifi dai ko da na gaske ne sakinsa za ka yi ya koma ruwa, ba miya za ka yi da shi ba.

Jifanka kuwa, in faɗa maka gaskiya, ya yi kyau. Ƙuda na sauka a kan ruwa ko zobe ba ya yi. Da dutsen nan yana da baki da ya ci.

Fergus Tulloch kuma ka rabu da shi. Mutumin da bai san bambancin ƙugiya da allurar ɗinki ba, in ya yi dariya mene ne? Nan da kasuwa mai zuwa sun samu wani abin taunawa.

Ka mai da igiyar wayarka, tsoho kamarka ba ya zama shi kaɗai babu waya. Raewyn ta ce in gaya maka ka je a ƙarasa maka askin.

Ka huta lafiya.

Naka,
Murdo

Gore, watan Yuni

Murdo,

Gaisuwa. Ka gaya wa Raewyn na gode da naɗin burodi da cukun da ta aiko, ita ba ta yi mini laifi ba. Allah Ya sawwaƙe wa hannunka, ko da yake ba hannun ne ya kamata ya gurɗe ba.

Me na rasa? Kai ne kake tambayata me na rasa? Na sa gilashin ƙara girma na bi wasiƙarka harafi bayan harafi ina fatan in ga inda ka ce kuskure ne. Da ka ce mini giya ka sha da na fi jin daɗi. Sai ga shi ka ce tausayina ka ji. Tir!

Bari in gaya maka yadda rayuwata take yanzu, tunda ba ka sani ba. In na je coci wani ya riƙe mini gwiwar hannu kamar kwai ya ɗauko. Matar maƙwabcina in ta kawo miya sai ta riƙa yi mini ihu a kunne, ita a ganinta wanda ba ya gani ba ya ji. In na sa riga a baibai babu mai faɗa mini, sai dai a ce, "Kai, yau ka yi kyau." Kowa ya zama maƙaryaci don ya kyauta mini. Wuri ɗaya ya rage inda ba a yi mini haka, shi ne cikin kogi. Kifi ba ya tausayin kowa. Bai san ni makaho ne ba, bai san matata ta mutu ba, ba ruwansa. In ƙudana ya sauka da nauyi sai ya gudu. In igiya ta ja shi ya karkace ko kaɗan sai ya ƙi. In kuwa ya ci, to na san na yi daidai, babu wanda ya yi mini alfarma. Don wannan nake tsayawa cikin ruwan sanyi da tsofaffin gwiwoyina. Shi ne ka ɗauke, kake tambayata me na rasa.

Kuma ba ranar ƙarshe kaɗai ka ɓata ba, ka ɓata mini shekarar gaba ɗaya. Yanzu ina zaune ina bin kowane fita da muka yi. Waɗanda suka ja na ji su a hannu, waɗannan nawa ne, ba ka isa ka karɓe su ba. Amma sauran fa? Duk waɗanda ka ce mini "ya duba ya ƙi", nawa ne kifi, nawa ne dutse, nawa ne kututture? Na ƙarƙashin gadar jirgi da muka yi ta fama da shi har ruwan sama ya kore mu, shi ma tausayi ne? Bana kifin da muka kama bai kai rabin na bara ba, na ɗora wa kaina laifi na ce hannuna ne ya tsufa. Ashe wasan yara ake yi da ni.

Har ƙudajen nan da ka fara zuwa da su an riga an ɗaura su a zare tun daga gida, ka ce dabara ce ka ƙirƙiro don kada mu ɓata lokaci a bakin ruwa. Na yaba maka a gaban mutane. Yanzu na gane ita ma hanya ce ta lallaɓa mara lafiya.

Kada ka ce mini kifi sakinsa ake yi. Kai ka fi kowa sanin ba don nama muke yi ba. Wanda ya taɓa riƙe kifi a ruwa yana jiran ya huta, ya ji shi ya murɗa ya fice daga tafin hannunsa, ba zai faɗi wannan magana ba sai in yana neman tsokana.

Na kai sandar gorar Baba shagon kayan kamun kifi, na ce su sa ta a taga su sayar. Ga akwatin ƙudajen da ka ba ni ranar da na cika saba'in, na haɗo maka da wannan wasiƙa. Ka ba dutsen.

Ka huta lafiya.

Struan

Lumsden, watan Yuli

Struan,

Bayan gaisuwa. Hannun bai warke ba, Raewyn ce dai ke rubutu.

Ka kai sandar mahaifinku shago? Lalle ka cika sakarai. Sandar da tsohon nan ya fere da hannunsa, wadda ko taɓawa ba ka bari in yi, ita ce za ka bar wa wani baƙo mai kuɗi ya rataye a bangon falonsa? Don ka ƙuntata wa wa? In ni kake nufi to ka yi nasara, sai ka je ka karɓo ta.

Na ji duk zagin da ka yi, kuma na gaji. Kai kaɗai ne mai zuciya a Southland? Shekara nawa ina tasowa daga nan da sanyin safiya in ɗauko ka, in buɗe maka kowace ƙofar gona, in ɗaga maka wayar shinge ka ratsa, in kwanta cikin kashin tumaki ina leƙen ruwa har wuyana ya ƙage? Ran nan ko jiƙa igiyata ban yi ba, don kai ba ka taɓa bar wa kowa layinka ba tun da aka haife ka. Ban yi ƙorafi ba. Sau ɗaya na yi abin da bai yi maka ba, ka mai da ni maƙiyi.

To shi ke nan, na yarda, ni maƙaryaci ne, kuma bai kamata ka sake dogara da ni ba. In an buɗe kamun kifi ranar ɗaya ga Oktoba kada ka jira ni. Ni ma na ajiye, gwiwa ta ƙi, kuma abin ya fita daga raina.

Amma kai ba ka da dalilin ajiyewa. Na yi magana da Hamish Orr na ƙungiyar masunta. Ya yi ritaya, yana da mota mai kyau, idonsa kuwa yana hango kifi daga kan gada. Ya ce da murna zai riƙa ɗaukarka. Na san za ka ce surutu gare shi. Ka toshe kunne ka yi jifanka. Shi dai ba zai nuna maka dutse ba.

Ka je ka karɓo sandar nan, Struan. Wannan kaɗai nake roƙonka.

Ka huta lafiya.

Murdo

Lumsden, ƙarshen Agusta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana cin abinci, kuma kana kunna abin ɗumama ɗaki ba kana zaune cikin bargo kamar yadda ka saba ba.

Wannan wasiƙa tawa ce, ba faɗa mini ake yi ba. Murdo yana rumfa yana goge abin da ba ya buƙatar guga, bai san ina rubutawa ba. Ya sa na yi masa alkawarin zan yi shiru, na yi shirun har ya ishe ni. Hunturu guda ina zaune tsakanin tsofaffi biyu masu taurin kai, ɗaya yana zagi da alƙalamin buhu, ɗaya yana sa ni rubuta ƙarya da hannuna. Na gaji da ku duka biyun.

Hannunsa lafiya lau, Yaya. Babu abin da ya gurɗe. Layin takarda ne ba ya gani.

Ranar da kuka dawo daga Gurbin Fasto ya shigo ko takalmi bai cire ba, ya taka mini kicin da laka, yana buɗe hannuwa yana cewa, "Raewyn, yau na ga kifin da ban taɓa gani ba. Saura ƙiris yayanki ya kama shi. Baɗi da shi za mu fara." Ya yi ta labarin kifin nan har abinci ya huce.

Da wasiƙarka ta farko ta zo ya miƙo mini ya ce in karanta masa, wai ya manta inda ya ajiye tabarau. Na karanta. Da na zo wurin dutsen sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Sai ya ɗauki makullin mota ya fita. Da ya dawo wandonsa sharkaf har ƙugu, jikinsa na rawa, ga fitilar mota ɗaya a fashe, ya daki ginshiƙin ƙofar gonar Fergus. Cikin ruwan sanyin Mayu ya shiga ba tare da wandon roba ba, ya je ya ɗora hannu a kan abin. Ya zauna a kujera ruwa na ɗiga, ya ce mini, "Na ga ya ɗago, Raewyn. Na rantse na ga ya ɗago."

Ni na daɗe da lura. Yana zuba shayi a gefen kofi. Ya daina karanta jarida ya ce duk ƙarya ce a ciki. Ƙudajen nan da kake cewa dabarar lallaɓa ka ce, ni nake zura musu zare a teburin kicin kafin ku fita, don shi ba ya ganin idon ƙugiya. In na yi magana sai ya hau ni da faɗa. Bayan dutsen ne ya yarda na kai shi wurin likitan ido a Invercargill. Ciwon ba irin naka ba ne, amma ƙarshensa ɗaya. Sun karɓe lasin tuƙinsa.

Na ce masa ya gaya maka gaskiya. Ka san abin da ya ce? "In Struan ya san ba ni da ido, zai ce shi ke nan, mu biyu mun ƙare, ya zauna a gida ya mutu. In kuwa ya ɗauka mugunta na yi masa, haushi zai sa ya nemi wani ya koma kogi don ya nuna mini." Wannan ne hankalin mijina. Ya gwammace ka tsane shi da ka ajiye sanda. Kai kuma ka tashi ka ajiye sandar ka kuma tsane shi, ya yi asara biyu.

Sandar Baba tana wurina. Na je shagon na ce musu rabinta nawa ne kuma ban sa a sayar ba. Tana bayan ƙofar ɗakina.

Ni ban taɓa gane abin da kuke samu a tsayuwa cikin ruwa kuna yaudarar kifi da gashin kaza ba. Abin da na sani, mijina ya daina cin abinci sosai, kuma da safe yana tsayawa a taga yana fuskantar wajen kogi alhali na san ba ya ganin ko shingen gidanmu. Ka yi abin da ka ga dama da wannan labari. Amma in ka sake aiko masa da zagi, kai za ka zo ka karanta masa da kanka.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Raewyn

Gore, tsakiyar Satumba

Murdo, tsohon banza,

Gaisuwa. Raewyn, na san ke ce ke karantawa, kada ki tsallake ko kalma ɗaya, kuma ki ɗaga murya.

Ashe makafi biyu ne a mota ɗaya! Shekara guda kana tuƙa ni a hanyar tsakuwar nan mai kwana-kwana ta gefen kwazazzabo, ina zaune gefenka hankali kwance ina cin burodi ina ba ka labarin siyasa. Ran da muka faɗa kwalbati ka ce zomo ka kauce wa. Wane zomo? Da ka kashe mu fa? Wallahi da ina kusa da kai da na rafka maka sandar komar kifi a ka.

Dutsen na yafe shi. Babu ma abin yafewa. Ka ga kifi, ka ce mini kifi, na yi jifa ga kifi. Mu biyu muka yi fama da shi da zuciya ɗaya, ranar nan tawa ce kuma na karɓe ta. Na sake ba kujerar Isobel labarin, na gyara mata ƙarshensa, na tabbata da tana nan da ta yi dariya har ta shaƙe.

Abin da ban yafe ba shi ne wanda ka yi daga baya. Na rubuta maka shafi a kan shafi ina gaya maka babu abin da na tsana kamar a yi mini ƙarya don a kyauta mini, kai kuma kana zaune kana ƙulla wata sabuwa, har da nemo mini Hamish Orr. Hamish Orr! Mutumin da yake yi wa kifi magana, yake tafiya a gaɓa kamar saniya ta tsinke. Ka zauna kai kaɗai ka yanke abin da zan iya ɗauka da wanda ba zan iya ba. Wa ya ba ka wannan iko? Lokacin da nawa idon ya tafi, kai ne mutum na farko da na gaya wa, a cikin motarka, ina kuka kamar yaro. Naka ya tafi ka ɓoye mini. Wannan ya fi dariyar shagon aski ciwo, kuma sai na daɗe ina goranta maka.

Yanzu ka saurara. Ka tuna masu ƙuda mai nutsewa, waɗanda muka ƙare rayuwarmu muna raina su muna ce musu masu wankin igiya? Su ba sa neman ganin kifi. Jifa suke yi zuwa ƙetare, su bar ruwa ya ja ƙudan ƙasa, su jira su ji a hannu. Da haka Baba ya ciyar da mu muna yara, kafin ni da kai mu yi girman kai. Babu ruwan wannan da ido. Na zauna makon nan na ɗaure wasu da lalube. Munana ne, matar maƙwabcina ta gani ta ce sun yi kyau, don haka na san munana ne ƙwarai. Za mu gwada su a kwararar da ke ƙasa da gurbin, kafaɗa da kafaɗa, kowa da sandarsa. In mun kama mun kama. In ba mu kama ba, kifi ne ya ƙi mu da gaskiya.

Raewyn, ke za ki tuƙa mu. Ba na ce ki kwanta cikin kashin tumaki ba, ki zauna a mota da littafinki. Ki zo mini da rabina na sandar Baba, ki ara mini rabinki.

Amma kafin nan akwai aikin da ba mu gama ba. Ƙa'ida ta ce layi ba ya wucewa sai kifi ya ci ko ya gudu. Na Gurbin Fasto bai ci ba, kuma ina da tabbacin bai gudu ba. Ke nan har yanzu layina ne. Ka ce ban taɓa bar wa kowa layina ba tun da aka haife ni, kuma gaskiya ka faɗa. To na bar maka wannan. Ranar ɗaya ga Oktoba kai za ka fara jifa, ni zan hau gaɓa. In Fergus Tulloch yana so ya zo da kujera.

Na mai da igiyar waya, amma kada ka buga, ban gama fushi ba. Ka ci abinci.

Ka huta lafiya.

Yayan matarka,
Struan

Lumsden, ƙarshen Satumba

Struan,

Gaisuwa. Da hannuna nake rubutu, na samo irin alƙalaminka. In layin ya karkace ka karkata takardar.

Riƙe layinka, ba na karɓar sadaka. Ƙa'ida ƙa'ida ce. Kai za ka shiga ruwa, ni zan hau gaɓa.

Raewyn ta ce ka tsaya a ƙofa da safe, ba za ta yi hon sau biyu ba. Ina tafe da akwatinka.

Na Gurbin Fasto, ka fara masa da ƙaramin ƙuda. Na lura ba ya son manya.

Naka,
Murdo